Yadda Ake Auna Wutar Ƙwayoyin Batirin Mota da Keke Masu Lantarki Cikin Aminci

A watan Afrilun 2021 ne hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar Sakkwato wanda ya zana surar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A wancan lokaci mu masu gyaran wutar mota a Sakkwato kayan kallo muka ɗauki abin, domin ba mu zaci zai iso ƙofar garejinmu da wuri ba. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin masu keke napep da 'yan kabu-kabu ya canja, aka fara ganin kekuna da babura masu caji, jefi-jefi har da mota. Duk abin hawan da ya fara mutuwa a hanya a cikinsu wurin riwaya ake turo shi, alhali shi riwaya ya saba ne da batir mai bolt 12, wanda ake dafa kawunansa biyu da hannu ba abin da zai faru.

Wani keke da aka kawo mini daga wajen Mabera shi ne dalilin wannan rubutu. Mai keken ya ce allon gabansa yana nuna bolt 76, amma da zarar ya ɗauki fasinja ya murɗa hannu sai komai ya ɗauke, kuma har ya riga ya canja caja bai ga sauƙi ba. Batirin nasa ƙwayoyi 24 ne a jere, wato ƙananan batiran da aka haɗa suka zama babba ɗaya. Da na karanta su ɗaya bayan ɗaya, 23 suna kan bolt 3.20, ɗaya kuwa ta faɗo 2.60. Idan aka tara su jimilla za ta ba da 76.2, adadin da babu mai ganin laifinsa, ga shi kuwa ƙwaya guda tana dab da iyakar da za a yanke wuta saboda ita. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ƙwayoyin batir jere suke kamar na cikin tocila, kan wannan a gindin waccan, wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, saboda haka wadda ta fi rauni ita ke yanke hukuncin lokacin da caji zai tsaya da lokacin da tafiya za ta ƙare. Wanda ya tsaya ga jimilla kaɗai kallon kitse yake yi wa rogo.

Mataki na farko: a san irin ƙwayar da adadinta

Kafin a taɓa komai, a nemi takardar da ke manne a jikin batirin ko littafin abin hawan, domin lambar da ke nufin lafiya ga wata ƙwaya haɗari ce ga wata. Ƙwayar litiyam da ake kira LFP, wadda ta yi yawa a kekuna da batiran sola, matsakaicin ƙarfinta bolt 3.2 ne, cikarta 3.65, kuma ba a barin ta ta sauka ƙasa da 2.5. Wadda ake kira NMC, ta cikin motoci da babura da dama, matsakaicinta 3.6 zuwa 3.7, cikarta 4.2, ana kuma dakatar da ita a wajen 3.0. Ke nan bolt 3.9 a jikin NMC ba abin damuwa ba ne, amma a jikin LFP alama ce ta cewa an zarce da caji.

Daga nan sai a ninka. Batirin keken da ake kira mai bolt 72, idan LFP ne ƙwayoyi 24 gare shi kuma yana kai 87.6 in ya cika, idan kuwa NMC ne ƙwayoyi 20 ne kuma cikarsa 84. Motar Nissan Leaf ta farko, wadda aka fara sayarwa a Disambar 2010, ƙwayoyi 192 gare ta, an haɗa su bibbiyu sannan aka jera su hawa 96, matsakaicin ƙarfinsu bolt 360, in sun cika suna kusantar 400. A ƙa'idar masu ƙera motoci, duk wutar batir da ta haura bolt 60 ana lissafa ta cikin babbar wuta mai haɗari, kuma wayoyin da ke ɗauke da ita ana yi musu riga mai ruwan goro don a gane su. Wannan na nufin keken da ake raina wa ƙarfi shi ma ya tsallake wannan iyaka.

Akwai abin da ya kamata ya zauna a zuciyar mai gyara tun daga nan. Ƙwayar da kake aunawa ba ta wuce bolt uku zuwa huɗu tsakanin kawunanta biyu, amma tana zaune ne a kan kafaɗun duk waɗanda ke ƙasa da ita. Ƙwaya ta 90 a batirin mota bolt huɗu za ta nuna a mita, alhali tsakaninta da gindin batirin akwai fiye da 300. Idan yatsanka yana kanta, gwiwar hannunka kuma ta goga wani ƙarfe na can ƙasan jerin, wannan ɗari ukun ne zai bi ta jikinka.

Mataki na biyu: a karanta daga wayar hannu kafin a ɗauko sifana

Kowane batirin kirki yana da allon kula da shi, wanda muke kira BMS, kuma babban aikinsa shi ne auna kowace ƙwaya a kowane lokaci ta siraran wayoyin da aka ja daga kowace gaɓa. Tunda ga mai aunawa a ciki, abin da hankali ya fi kwanciya da shi shi ne a tambaye shi. Ra'ayina shi ne duk abin da za a iya karantawa daga nesa, bai halatta a buɗe akwati dominsa ba.

A keke da babur, alluna irin na Daly da JK da JBD suna da nau'ikan da ke magana da waya ta bulutut. Sai a sauke manhajar kamfanin, a kunna abin hawan, a haɗa, a shiga shafin da ke jero ƙwayoyin. Za a ga lambar kowace, da mafi girma, da mafi ƙanƙanta, da tazarar da ke tsakaninsu, da zafin batirin. A kalla kawai. Shafin saiti yana nan kusa, kuma na ga waɗanda suka saukar da iyakar yankewa don keke ya daina ɗaukewa. Keken ya daina ɗaukewa, ƙwayar kuma ta mutu gaba ɗaya.

A mota, ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16 da ake kira OBD. Ana cusa masa ƙaramar na'ura irin ta ELM327, a haɗa ta da waya. Ga Leaf, manhajar LeafSpy tana zana duk hawa 96 a allo ɗaya, ta rubuta tazararsu da milibolt, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt, ta kuma nuna nawa ya rage na lafiyar batirin cikin ɗari. Ga Hyundai Kona, irin wadda kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas, manhajar Car Scanner tana iya fito da lambobin. Wasu na'urorin masu arha ba sa karanta komai a irin waɗannan motoci, saboda haka a gwada kafin a biya. Idan an ga lambobin matsala a ajiye, a kwafe su a takarda kafin a goge, kuma a zare na'urar bayan an gama, domin tana shan ƙaramin batirin motar ko da a kashe take.

Mataki na uku: a auna a lokuta huɗu, ba sau ɗaya ba

Nan ne yawancin masu gyara ke yin kuskure, musamman da LFP. Wannan ƙwaya tana da wata ɗabi'a: daga lokacin da ta ɗan sauka daga cika har zuwa dab da ƙarewa, ba ta barin tsakanin 3.2 da 3.3 da ɗan abu. Ƙwaya mai kashi 70 da mai kashi 40 kusan lamba ɗaya za su nuna maka. Wanda ya auna a tsakiyar caji ya ga komai daidai bai ga komai ba tukuna.

Awo na farko a ƙarshen caji ake yi, lokacin da ƙwayoyin LFP suka haura 3.4, ana lura da wadda ta riga saura hawa. Na biyu, bayan an cire caja an bar batirin ya huta kamar sa'a guda a inuwa. Na uku ana yin sa ne da kaya a kai: mutum ɗaya yana tuƙi, wani yana zaune riƙe da waya, a taka sosai a miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, mai riƙe da wayar yana ɗaukar hoton allo a daidai lokacin da ake jan wuta. Direba ba shi da hurumin kallon waya. Na huɗu kuwa sai batirin ya kusa ƙarewa.

Idan aka jera hotunan nan huɗu, ciwon yana bayyana kansa. Ƙwayar da ta riga kowa cika, ta kuma riga kowa faɗuwa, cikinta ya ragu, ta tsufa, ba abin da zai dawo da ita sai canji. Wadda take ƙasa da saura a ƙarshen caji, take kuma ƙasa da su dab da ƙarewa, wataƙila lafiyarta ƙalau, an bar ta a baya ne kawai, daidaitawa take bukata. Wadda ke daidai da saura a hutu amma ta zube da zarar an taka, ta dawo da an saki, ko dai juriyarta ta ciki, wato cikas ɗin da take yi wa wuta wajen wucewa, ta ƙaru ko kuma notin da ke ɗaure da ita ya saki, kuma notin ya kamata a fara zargi domin gyaransa kyauta ne. Idan kuma ƙwayoyi biyu maƙwabtan juna ne, ɗaya ta yi sama da yawa ɗaya ta yi ƙasa da yawa, amma in an tara su jimillar ta fito daidai, to galibi ƙwayoyin ba su da laifi, siririyar wayar awo da ke tsakaninsu ce ta tsinke ko ta yi tsatsa.

Ana iya sa lamba a kan zubewar. A ce duk ƙwayoyin suna 3.30 a hutu, da aka ja amfiya 50 saura suka sauka 3.22, ta 11 kuwa ta sauka 3.05. Saura sun zubar da 0.08, ita ta zubar da 0.25, wato juriyarta ta ninka tasu sau uku, kuma zafin da take haifarwa ma ya ninka haka. A abin da muka saba bi wajen aiki, tazarar da ba ta wuce milibolt 20 zuwa 30 ba a hutu ba ta tayar da hankali, wadda ta kai 50 a sa mata ido, wadda ta haura 100 kuwa a nemo dalilinta kafin a ci gaba da aiki da abin hawan. Idan kamfanin da ya ƙera ya rubuta tasa iyakar, tasa ce a gaba.

Zancen daidaitawa yana son haƙuri. Alluna masu arha suna rage wutar ƙwayar da ta yi sama da kimanin miliamfiya 30 kacal, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya, kuma sai a ƙarshen caji suke yi. Idan ƙwaya ta bambanta da saura da amfiya biyar na sa'a guda, lissafi ya nuna sai an yi sa'o'i kusan 167, wato mako guda cur, kafin a rufe gibin. Allon da ke kwasar wuta daga mai yawa ya zuba wa mai kaɗan da ƙarfin amfiya ɗaya ko biyu yana gama wannan cikin sa'o'i. Mai keken da ke cire caja tun batir bai cika ba kullum, yana hana allon damar yin wannan aiki ba tare da ya sani ba.

Zafin garinmu ma yana cikin lissafi. A watannin Maris zuwa Mayu ma'auni yana haura digiri 40 a inuwa, ga shi yawancin ƙwayoyin litiyam ba a son a yi musu caji idan zafinsu ya wuce 45. Keken da ya dawo da azahar daga Babbar Kasuwa batirinsa ya riga ya kai nan, sai a bar shi ya huce kafin a jona. Leaf ba ta da ruwan sanyaya batir, saɓanin Kona mai babban batir, saboda haka mai ita a nan ya riƙa duba lambar zafi tare da ta ƙwayoyin. Kuma idan za a kwatanta awon yau da na watan jiya, a yi su a lokaci ɗaya na yini, da hantsi ya fi.

Mataki na huɗu: shiri kafin a buɗe

Ana buɗe batir ne idan allon ba ya magana da waya, ko ana zargin ƙarya yake faɗi, ko an gano ƙwayar da za a canja. Zan faɗi gaskiya a nan: akwatin batirin mota mai bolt 400 ba aikin bakin titi ba ne, kuma wanda bai sami horo a kan babbar wuta ba ya tsaya a matakin waya, ya tura motar ga wanda ya samu. Abin da ke biye na keke da babur ne, sai inda na ambaci mota.

A fara da jiki. A cire zoben azurfa, da agogo, da makullan aljihu, da duk carbi ko sarƙar da ke da ƙarfe. Ƙwaya ɗaya mai bolt uku ba za ta ja mutum ba, amma idan zobe ya haɗa kawunanta biyu tana iya tura ɗaruruwan amfiya ta cikinsa, ya yi jawur a yatsa kafin a iya zare shi. A sa tufafin auduga mai ɗaure hannu, a ajiye babbar riga da yadin leda mai narkewa a fata. Hannu ya bushe sarai, wanda ya idar da alwala ya jira, buta kuma ta yi nesa da teburin aiki. Gumi ma ruwa ne, kuma jiƙaƙƙiyar fata tana buɗe wa wuta hanya, shi ya sa nake yin irin wannan aiki da sassafe. Ɗabi'ar yayyafa ruwa a ƙasan gareji don kwantar da ƙura a bar ta a ranar, a shimfiɗa tabarmar roba busasshiya.

Safar hannu ta roba mai lamba 0, wadda aka gwada don bolt 1,000, ita ce ta wannan aiki, ana kuma ɗora ta fata a kanta don kada ta huje. Kafin a sa, a naɗe bakinta a tara iska a ciki a matsa, a kai kusa da kunci a ji ko tana fitar da iska. Safar wanke-wanke ba ta cikin lissafi. A sa tabarau mai kare ido. Sifana da sukudireba su zama masu rigar roba da aka rubuta wa 1000V, kuma kada a taɓa ajiye ƙarfe a saman buɗaɗɗen batir ko da na ƙiftawar ido ne. A tanadi mutum na biyu da zai tsaya a gefe da busasshiyar sanda, wanda ya san cewa idan wuta ta kama abokinsa da sanda ake raba su, ba da hannu ba.

Mita kuma a duba abu biyu a jikinta. Na farko, rubutun matakin tsaro na CAT III mai bolt 600 ko 1,000, ita da wayoyinta. Na biyu, yawan lambobin da take nunawa. Ƙaramar mitar kasuwa idan aka sa ta a ma'aunin bolt 20 za ta rubuta 3.30, ba za ta bambance 3.301 da 3.304 ba, don haka a nemi mai nuna lambobi uku bayan ɗigo. Tsinin wayoyin a naɗe shi da salatif a bar kamar milimita biyu zuwa huɗu a waje, domin doguwar tsini ita ke zamewa ta haɗa ƙafafu biyu.

Mataki na biyar: kashewa da tabbatarwa

A zare makulli, a cire caja, a kashe babban makunni, a raba fulogin da ke kai wuta ga na'urar tuƙa injin. A mota, bayan an kashe an nisanta makullin, sai a kwance kan mainas na ƙaramin batir mai bolt 12, domin shi ke riƙe da manyan makunnan da ke sakin babbar wuta. Daga nan a sa safa a zare fulogin tsaro mai ruwan goro, a kulle shi inda ba wanda zai mayar da shi da sunan taimako, a jira aƙalla minti goma don kafasitocin da ke cikin inbata, wato sassan da ke tara wuta, su zubar da abin da suka riƙe.

Sai tabbatarwa, kuma hawa uku ce. A gwada mitar a kan batirin da aka san yana da wuta, a auna inda ake zaton babu wuta, sannan a koma a sake gwada ta a kan na farkon. Mitar da wayarta ta tsinke sifili take nunawa, daidai da abin da wurin da ba wuta ke nunawa. Kuma a riƙe cewa duk wannan kashewa wayoyin waje ta shafa. Ƙwayoyin ba su da makunni. Fulogin tsaro raba jerin yake yi gida biyu, kowane gida kuma yana nan da wutarsa.

Kafin a ɗaga murfi a goge ƙurar da ke kansa da busasshen ƙyalle. Ƙurar hunturu idan ta shiga ta kwanta a kan allo, damina ta zo ta jiƙa ta, sai ta zama siririyar hanyar da wuta ke zurarewa. Bayan an buɗe, a rufe duk sashen da ba a aiki a kai da shimfiɗar roba, a bar ɗan wurin da ake bukata kawai.

Mataki na shida: awon da kansa

Wata rana wani yarona ya gama auna wutar da fitila ke ja, ya bar jar wayar mita a ramin amfiya 10, ya juya maɓalli zuwa bolt, ya ɗora a kan ƙwaya. Ƙara muka ji kamar an fasa ƙwan lantarki, tsinin wayar ya narke ya bar baƙin tabo a kan notin, shi kuma ya yi minti biyar yana ganin walƙiya. A wannan rami mita ba ta da bambanci da guntun waya. Tun daga ranar, a garejina ana toshe ramin amfiya da salatif kafin a kusanci batir, kuma mai aunawa yana faɗin ramin da wayarsa take da babbar murya.

Wuri mafi sauƙi shi ne fulogin siraran wayoyin da ke shiga allo. Batir mai ƙwayoyi 24 wayoyi 25 gare shi, baƙa ɗaya ta gindi, sauran kuma kowace daga kan fulos na ƙwayarta. A zare fulogin daga allon ta hanyar kama jikinsa, ba jan wayoyin ba. A juya maɓallin mita zuwa ma'aunin bolt na wutar batir, a maƙale baƙar wayarta da ɗan maƙali a ƙafar farko, a riƙe ja da hannu ɗaya, ɗaya hannun a baya. Bin ƙafafun bi da bi zai ba da 3.3, 6.6, 9.9, haka har 79.2. Wannan zagaye don tabbatar da jeri ne: inda lamba ta yi tsalle biyu ko ta koma baya, an sarƙe wayoyi, kuma cusa irin wannan fulogi a allo ƙona shi ne nan take. Zagaye na biyu shi ne na ainihi, ana auna ƙafa da maƙwabciyarta, ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, mai aunawa yana faɗa, na gefe yana rubutawa. Ramukan fulogin a matse suke, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai ƙarfin batirin gaba ɗaya, saboda haka ba a gaggawa.

Duk ƙwayar da lambarta ta fita daban, a sake auna ta a kan kawunanta kai tsaye. Idan awon kai ya bambanta da na fulogi, laifin waya ne. Idan mita da fulogi sun yarda da juna amma manhaja ta faɗi wani abu dabam da tazara mai yawa, allon ne ya fara ruɗewa. Wajen mayarwa, babbar wayar gindi mai alamar B− ita ake fara ɗaurawa, sannan fulogin sirara, wajen cirewa kuma a juya tsarin.

Ga ɗalibai da masu son haɗa na'urar awo da kansu akwai gargaɗi na musamman. Jawo waya daga kowace gaɓa zuwa ƙaramin allo irin Arduino ta hanyar rage ƙarfin da rizisto ba ya biyan bukata, domin ma'auninsa matakai 1,024 ne, idan aka shimfiɗa su a kan bolt 88 kowane mataki ya zama milibolt 86, ya fi tazarar da ake nema girma, ga shi kuma yana tsotsar ƙwayoyin ba daidai ba. Mafi muni shi ne jona irin wannan allo da kwamfutar da ke jone da wutar gida, wanda ke iya ba batirin hanyar zuwa ƙasa ta cikin kwamfutar. Akwai ƙananan na'urori da aka ƙera don wannan aiki, irin su LTC6811 na Analog Devices mai auna ƙwayoyi 12 da kuskuren da bai wuce milibolt 1.2 ba, wanda ake jera da yawa a kuma raba su da kwamfuta ta hanyar da wuta ba ta tsallakawa. Kowace wayar awo kuma a sa mata ƙaramin fiyus dab da ƙwayar, domin siririyar waya idan ta goge ta haɗu da wata, ita ce ke zama ashana.

Idan aka ga alamar haɗari

Ƙwayar da ta kumbura, ko take tsiyayar ruwa, ko take fitar da wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce, ko ta fi maƙwabtanta zafi alhali ba a aiki, ba a ci gaba da awo a kanta. Haka wadda aka samu ƙasa da bolt 2: kada a tayar da ita da caja kamar yadda ake yi wa batirin mota na gargajiya, domin a wannan mataki tagullar da ke cikinta na iya narkewa, ta taru ta haɗa wuta daga ciki bayan an sake caji. A fitar da batirin fili, nesa da fetur da rumfar kara, a kan ƙasa ko yashi. Idan ya fara huci ko hayaƙi, kowa ya koma ta inda iska ke fitowa, domin hayaƙin guba ne, a kira 'yan kwana-kwana a gaya musu batirin litiyam ne. Ruwa mai yawa ke sanyaya shi, ƙaramar tukunyar kashe gobara ba ta isa, kuma yana iya sake kamawa bayan sa'o'i, shi ya sa motar da batirinta ya lalace ake ajiye ta nisan ƙafa 50 daga gini da sauran motoci. Wanda babbar wuta ta ja, ko da ya miƙe yana cewa ba komai, a kai shi asibiti a duba bugun zuciyarsa.

Idan kuwa komai ya tafi daidai, a ɗaure notuna gwargwadon ƙarfin da kamfani ya rubuta, a ƙirga kayan aiki a tabbatar adadin da aka shigo da shi ne ya fita, a duba robar bakin murfi kafin a rufe. Sannan a buɗe wa abin hawan shafi a littafi: kwanan wata, zafin batir, ƙwaya mafi girma da lambarta, mafi ƙanƙanta da lambarta, da tazararsu a lokutan nan huɗu. Ga keken haya nakan ce a dawo da shi bayan mako biyu idan an canja ƙwaya, daga nan kuma sau ɗaya a wata, a ƙara sau ɗaya a cikin Afrilu.